Kwanon da Ke Dawowa a Cike

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma bar mana haƙuri mu yi guzuri da shi. Sunana Hajara. A unguwarmu ta Hausawan Garwa an fi sanina da Hajo matar Isuhu mahauci, Allah ya jiƙansa. Ni ba marubuciya ba ce, karatuna bai wuce firamare ba. Abin da ya zaunar da ni shi ne wata mata daga garin Bogo da ta zo mini gaisuwa bayan na fita takaba. Ta ja ni bayan ɗaki ta ce mijinta ya fara faɗuwa, sun kulle shi a gida don kada mutane su sani. Ta ce in faɗa mata sunan ciwon da ya kashe nawa. Na faɗa, ta gwada maimaitawa ta kasa, sai ta fashe da kuka. Tun ranar na ce zan rubuta sunan da abin da ya ja mana, ko wani ya amfana.

Sai na fara da kwano, don in ba a san kwanon ba ba za a gane sauran ba.

Tun zamanin kakan maigida, wanda fatauci ya kawo shi daga ƙasar Katsina, zauren gidanmu ne wurin ciyayyar mahautan layinmu. Da an sallame magariba kowane gida zai fito da kwanon tuwo a jera a tabarma, maza su kewaye, su jawo ɗaya su sa hannu tare, in sun cinye su jawo na gaba. Maza ba sa cewa na wance ya fi daɗi, amma kwano ba ya ƙarya. Wadda nata ya dawo da saura, ranar ba ta da walwala. Nawa wani farin kwanon samira ne da fentin murfinsa ya ɗan ɓantare, kuma shi ake fara jawowa. Na san yabon kai jahilci ne, amma miyar yakuwa da gyaɗa da nake sa wa ɓargo, duk layin an san da zamanta. Garba Na-Bogo, abokin maigida tun suna riƙe wa iyayensu ƙafar sa a kwata, yakan leƙo ta ƙofar zaure ya ɗaga murya ya ce, “Hajo, in za ki bar wasiyya ki ce a bar mini hannunki na dama.” Ni kuma in ce ya fara biyan tsiren da ya yi mini alkawari tun ina amarya. Ana ce masa Na-Bogo ne don kusan kowane mako yana kasuwar dabbobi ta can.

Ciwon bai zo da sallama ba. Farko ƙauri maigida ya riƙa ji. Muna zaune sai ya ɗaga hanci ya ce, “Wa ke babbaka a gidan nan?” Babu wanda ya hura ko wutar shayi. In ce masa, “Kai mahauci ne, ƙaurin a hancinka ya tare.” Mu yi dariya. Daga nan sai ciwon kai da asuba, wanda kan sake shi in rana ta ɗaga. Sani, ƙanensa da suke tebur ɗaya a kasuwa, ya ce mini wani lokaci Yaya na cikin yankan nama sai ya tsaya cak, ido a buɗe, mai saye na magana ba ya ji, can sai ya dawo ya ci gaba. Sai kuma faɗa. Mutumin da ban taɓa jin ya daka wa ko akuya tsawa ba, ran nan ya yi jifa da buta don ruwan ya yi ɗumi. Shekarun nan ne hanyar Kolofata ta lalace saboda rashin tsaro, aka tsaurara iyaka, kasuwar shanu ta rikice. Kowane mahauci fuskarsa a murtuke take, sai muka ce tunani ne. Muka yi ta ba shi maganin ciwon kai na kan tebur.

A tsakiyar zafin bazara ya faɗi a kasuwa. Ba ni wurin, Sani ne ya ba ni labari. Ya ce ya je ɗauko cinya, sai ya ji ihu. Ya dawo ya tarar da Yaya a ƙasa bayan tebur yana shure-shure, kumfa a baki, wuƙa na hannunsa. Mutanen da suka taso tare da shi sun yi da’ira daga nesa, wasu sun toshe hanci da bakin riga. Wata mai sayar da tumatir, Kirista ’yar ƙabilar Tufuri, ita ce ta ratsa su ta take wuƙar ta zare, ta juya shi ta gefe, ta kwance ɗankwalinta ta sa masa a ƙarƙashin kai. Har gobe in na shiga kasuwa wurinta nake fara zuwa, ko ba na bukatar tumatir.

Wanda bai san mu ba zai ce mutanen nan mugaye ne. Ba mugaye ba ne, tsoro ne. Mun taso mun ji ana cewa farfaɗiya ana ɗaukarta ta yawu, ta kumfar bakin mai ita, ta moɗar da ya sha ruwa, ta hannun da ya sa a kwano. Ni kaina da haka na taso. Da aka shigo mini da shi a sanɗare, sai da hannuna ya ɗan tsaya kafin na share masa baki.

Makon farko mutane sun zo dubiya, a tsaye daga bakin ƙofa. A kwana na uku Baba Tanko, babban mahautan layinmu, ya ce zauren namu ya yi zafi, a mai da ciyayya ƙofar gidansa inda dalbejiya ke ba da iska. Zauren da aka yi bazara sama da bazara ana ci a cikinsa, ran nan ne aka gano yana da zafi. Maigida bai ce komai ba sai, “Ki tuƙa, Sani ya kai can. Kwanon gidan nan bai taɓa fashi ba.” Na tuƙa, na zuba ɓargo fiye da kullum. Bayan isha Sani ya dawo da shi yana kallon ƙasa. Da na karɓa na ji nauyinsa. Ko murfin ba a ɗaga ba, man miya ya daskare a kai.

Daga ɗaki maigida ya ce, “Hajo, sun ci?”

Na ce, “Yau kwanuka sun yi yawa.”

Ya ce, “To.”

Shi ma ya san nauyin kwano a tafiyar mutum. Daga ranar kullum sai ya yi wannan tambaya, kullum kuma kwanon a cike yake dawowa. Mun ci ɗumame a gidan nan har yara suka fara gudun safiya.

Dangi kuwa kowa da irin iliminsa. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinsa, ta taso takanas daga Rai-Buba da ƙullin hayaƙi. Ta ce iskar kwata ce, wai duk inda jini ke kwarara kullum akwai masu zama a wurin, ya taka ɗansu bai sani ba. Ta ware masa moɗa ta ɗaura mata jan zare, ta ce kada yara su taɓa. Wani ya ce sammu ne na abokan sana’a. Wani ya ce a nemo kitsen damo. Mun yi hayaƙi har bangon ɗaki ya yi baƙi. Ina yi wa limamin unguwarmu addu’a, don shi da ya kawo rubutu ya ce da ni, “Ki ba shi ya sha, amma gobe ku tafi lopital, likita ya duba shi. Addu’a ba ta hana neman magani.” A kasuwa kuwa teburin maigida ya zama kango. Sai da Sani ya matsa layin baya ya riƙa rantse wa mutane cewa Yaya bai taɓa naman ba.

Asibiti ya ci mana makonni. A fita da sassafe a kama layi, a sayi kati, a zauna a benci har rana ta take, a ce likita ya shiga taro. Da muka samu ganinsa aka ce zazzaɓin sauro ne ya hau kai, aka yi ƙarin ruwa. Bayan mako biyu ya sake faɗuwa a tsakar gida, aka ce taifot. Sai aka ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi masu sa shi barci kamar an jiƙa tsumma. Allah da ikonsa, faɗuwa ta gaba a harabar asibitin ta same shi, a gaban wata likita matashiya da ta zo wucewa. Ta durƙusa ta lura cewa daga hannun hagu abin yake farawa kafin ya game jiki. Ta tambaye ni ko yana yi tun yana yaro, na ce bai taɓa ba. Ta ce, “Madam, babban mutum ba ya fara faɗuwa haka kawai. A yi masa skana, wato hoton cikin kai.” Wannan magana ita ce ta farko da nake so mai karatu ya riƙe.

Hoton kai ya fito a wata baƙar leda mai santsi. Likitar ta ɗaga shi a taga ta nuna mini wani wuri a gefen dama, can gaba, mai ɗigo-ɗigon fari. Ta ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, kuma sai mun je Yawunde wurin masu buɗe kai.

Ba zan tsaya lissafin abin da ya tafi ba. Bijiman da maigida ke kiwo sun tafi, keken ɗinkina ya tafi, ’yan kunnen aurena sun bi su. Garba Na-Bogo ne ya sayar da bijiman, bai karɓi la’ada ba, ya ma ƙara da nasa ya ba Sani ya kawo. Na gode masa har ga Allah. Amma kuɗinsa ne ya shigo gidan, ƙafarsa ba ta shigo ba. Maigida ya karɓi ƙullin ya juya shi a hannu, ya ce, “Shi yana ina?” Sani ya ce yana sauri ne.

Mun hau mota zuwa Gaundare, kowane shinge a sauke mu a duba katin shaida a rana, shi yana jingine a kafaɗata. Daga can jirgin ƙasa. Yawunde ta karɓe mu da ruwan sama da sanyi da Faransancin da ya fi ƙarfin nawa. Masu jinya a baranda muke shimfiɗa kwali. Kusa da ni akwai wata dattijuwa ’yar kudu mai jinyar ɗanta, ba ta jin yarena ba na jin nata. Wata rana na kawo wa maigida shinkafa, tana wucewa na yi mata tayi da hannu, irin tayin da ake yi don kunya. Sai ta zauna a bakin gadon ta ɗauki cokali ta ci daga farantin da yake ci. Maigida ya tsaya da nasa cokalin yana kallonta. Da ta tafi ya ce mini, “Ba ta san ciwona ba ne?” Na ce ta sani, a gabanta ya faɗi shekaranjiya. Ya juya fuska bango.

An yi aikin. An aske shi, aka shiga da shi tun safe, ba a fito ba sai da la’asar ta gota. Ya farfaɗo da ɗinki daga goshi zuwa bayan kunne. Aka ce an cire abin da za a iya cirewa, an aika wani ɗan yanki a duba irinsa. Mun zauna jiran sakamako a unguwar Hausawa, a ɗakin wani mai kilishi ɗan garinmu wanda ya bar mana katifarsa ya koma shago.

Likitan da ya kira mu ɗan arewa ne, yana haɗa Fulatanci da Hausa da Faransanci kamar kowa a Garwa. Ya ce, “Jam na, Malam Isuhu? Sunan abokin faɗanka ya zo.” Ya ɗauki biro ya rubuta da manyan baƙaƙe: OLIGODENDROGLIOME.

Maigida ya leƙa ya ce, “Dokta, wannan suna ne ko layin dogo?”

Likita ya yi dariya ya ce, “Kai mahauci ne, bari mu fasa shi gunduwa-gunduwa.” Ya ja layi ya raba kalmar gida huɗu. Ya ce ana faɗinsa haka: oligo, dandro, gliyo, sai a rufe baki da “m”. Oligodandrogliyom. Ya ce tsohon yaren Girka ne. Oligo shi ne kaɗan. Dandro itace ne mai rassa. Gliyo danƙo ne, wato abin da ke riƙe jijiyoyin ƙwaƙwalwa yana lulluɓe su. Ƙarshen kuma ƙari yake nufi. Ya ce a cikin kan kowa akwai wasu ’yan mitsi-mitsin halittu masu rassa kaɗan da ke wannan aikin riƙo, to su ne a wurinsa suka yi ta hayayyafa ba tsayawa. Ya ce ba kasafai ake ganinsa ba, ya fi kama manya masu tsakiyar shekaru, yana girma a hankali, kuma sau da yawa faɗuwa ce ke fara tona shi.

Maigida ya ce, “Dokta, mu a kwata muna samun tunkiya mai juyi. Ta yi ta kewaya wuri ɗaya tana faɗuwa. In an yanka an fasa kan, sai a ga jakar ruwa a ƙwaƙwalwa. Irinsa ne?”

Likita ya ce, “Ba ɗaya ba ne. Na tunkiya tsutsa ke kawo shi, naka nama ne ya tofo daga ƙwaƙwalwar kanta. Amma ka kama bakin zaren. Abin da ke kayar da kai a cikin ƙoƙon kai yake, yana danna wuri.”

“Yana cikin yawu?”

“Babu.”

“In na sa hannu a kwano da mutum?”

“Ko shekara za ku yi kuna ci tare, ba abin da zai same shi. Ita farfaɗiyar ma kowace iri ce, ba a ɗaukarta.”

Bai tambayi ko zai warke ba, ni ce na tambaya. Likita ya ce an bar saura a inda wuƙa ba ta isa, kuma nasa irin mai saurin dawowa ne. Ya ce akwai injin da ke gasa ragowar ƙarin da haske a wani gari. Mun bi wannan ma, aka ce injin ya tsaya, a dawo wata mai zuwa. Wata mai zuwa aka ce layi ya yi tsawo. Guzurinmu ya ƙare, muka juyo gida da ƙwayoyin hana faɗuwa.

A hanya maigida ya sa na yi ta karanta masa kalmar, shi kuma ya rubuta ta da ajami a bayan kwalin magani. Harshensa ya ƙi “gli”, sai ya ce “gili”. Ni kuwa a bakin turmi na ƙware, kowane bugu da gunduwarsa: oligo, dandro, gliyo. Yana cike da murna kamar wanda ya ci shari’a. Ya ce mutanenmu ciwon da ba shi da suna suke tsoro, yanzu ga suna ya samo musu.

Da ya ɗan yi ƙarfi ya sa farar riga ya ja hula ta rufe ɗinkin, ya ɗauki kwanon da hannunsa, Sani na biye da hoton kai. Abin da ya faru a ƙofar Baba Tanko daga bakin Sani na ji. An tare shi da “Sannu da jiki” da “Allah hoynu”, wato Allah ya sauwaƙe da Fulatanci, aka shimfiɗa masa buzu shi kaɗai a gefe, aka tura masa kwanonsa gabansa. Ya faɗi sunan, gunduwa-gunduwa, ya faɗi ma’anarsa, ya kawo zancen tunkiya mai juyi. Ya miƙa hoton, ba wanda ya karɓa.

Baba Tanko ya ce, “Isuhu, ni na riƙe ka ranar sunanka, ba na ƙinka. Amma mutum ya faɗi yana kumfa, ko rawani Nasara suka naɗa wa abin, mu farfaɗiya muka san shi. Muna da ’ya’ya. Ci naka, Allah ya ƙara sauƙi.”

Sani ya ce Yaya ya duba wajen Garba. Garba na ta gyaran wutar fitila da ba abin da ya same ta.

Ya dawo ya cire hular ya kwanta. Bai sake fita ciyayya ba, amma bai yarda a daina kai kwano ba. Na yi fushi ran nan, na ce ni na gaji da tuƙa wa mutanen da ke ƙyamar hannuna, itace ma kuɗi ne. Ya ce, “Hajo, ranar da kwanon nan ya daina fita, ranar na mutu a layin nan. Bari in mutu sau ɗaya.” Ban ƙara yi masa musu ba.

Mun samu damina ɗaya da rani ɗaya na sauƙi. Yana zama a zaure shi kaɗai yana wasa wuƙaƙen Sani. Da zafi ya sake dawowa sai ciwon kan ya dawo da amai. Hannun hagu ya saki, ƙafa ta bi. Likitar nan matashiya ta duba sabon hoto ta ce mini gaskiya ƙarin ya dawo, ta ƙara masa maganin rage kumburi da na zafi, ta koya mini yadda zan riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Ba ta taɓa ganina ta wuce ba ta tsaya ba, Allah ya saka mata. Magana ta riƙa guje masa, yini guda bai fi ya ce kalma biyu ba. Amma da ya ji motsin Sani bayan isha sai ya buɗe ido ya ce, “Sun ci?”

Wata Juma’a da hantsi ina wanke masa zanen gado sai na ji sallama, ba a zaure ba, a tsakar gida. Garba ne, rigar aiki a jikinsa, hannunsa da alamar jini bai gama wankewa ba. Ya rame mini a ido. Bai yi mini wasa ba. Ya tsuguna a gindin turmi ya ce, “Hajo, jiya na sayo wata tunkiya a Bogo, da araha, tana juyi. Yau na fasa kan da hannuna. Na ga jakar.” Ya dubi hannunsa. “Na sha gani tun ina yaro. Garke guda suke ci a kwami ɗaya, ita kaɗai take juyi. Na sani, Hajo. Ranar da ya faɗa ma na sani.”

Na ce, “Likita ya ce ba iri ɗaya ba ne.” Na faɗa ne don in ƙona masa rai, ban ɓoye ba.

Ya ce, “Na ji. Faɗa mini sunan.”

Na faɗa masa. Ya maimaita ya karye a tsakiya, na gyara masa, ya sake. Na gaya masa kaɗan, da rassa, da danƙo, da ƙari. Ya ce in kawo hoton, ya ɗaga shi a rana ya daɗe yana kallo, irin kallon mutumin da ya san cikin kai. Sannan ya ce, “Akwai tuwo?”

Na ce, “Da hantsin nan? Sai ɗumamen kwanon jiya da kuka dawo da shi.”

Ya ce, “Shi nake so.”

Na ɗumama na kai ɗaki. Garba ya tallafo maigida ya jingina shi da ƙirjinsa, ya wanke hannu, ya gutsuro ’yar loma ya dama ta da miya sosai ya sa masa a baki. Rabi ya shiga, rabi ya dawo da yawu a yatsunsa. Da wannan hannun, bai goge ba, ya koma kwano ya yanko tasa lomar ya ci. Gwaggo Asabe, da ta sake zuwa dubiya, tana bakin ƙofa ta yi salati. Garba bai waiwaye ta ba. Loma ɗaya ga maigida, ɗaya gare shi, hawaye na sauka a gemunsa yana cewa, “Gishirin ya yi, Hajo. Wallahi ya yi.” Maigida ba ya iya dariya a lokacin, amma gefen bakinsa na dama ya motsa.

Da magariba Garba ya dawo ya ɗauki sabon kwano da kansa ya kai ƙofar Baba Tanko. Sani ya ce ya buɗe shi a tsakiyar tabarma ya faɗa musu abin da ya yi da hantsi, ya ce wanda ke tsoro ya tsorace shi shi ma. Mutum biyu suka matso suka sa hannu. Sauran suka ja baya, Baba Tanko ya ce cikinsa ba daɗi. Kwanon ya dawo da rabi. Da maigida ya ce, “Sun ci?” sai na karkata masa shi a hasken fitila. Ya ɗago hannunsa mai rai ya sa yatsa a gurbin da lomomi suka bari, ya bi shi a hankali. Ya ce, “Garba.” Ya san yankan lomar abokinsa.

Bai cika mako biyu ba bayan wannan Allah ya karɓi abinsa. Garba na zuwa kullum, kuma shi ya yi masa wanka tare da liman.

Ga ’yar’uwata ta Bogo da duk wanda wannan ya isa gare shi: in babba ya fara faɗuwa, ko jin warin abin da babu, ko halinsa ya sauya ba dalili, kada a tsaya a hayaƙi da maganin zazzaɓi, a nace sai an ɗauki hoton kai. Ba lalle irin na maigida ba ne, likita ya ce nasa ba shi da yawa. In kuwa an ba ku suna mai tsawo, ku sa a fasa muku shi ku ji abin da ke ciki. Kuma kada ku ware masa moɗa. Ciwon ya ci ƙwaƙwalwar mijina a hankali, amma abin da ya fi sa shi kuka a gabana buzun nan ne da aka shimfiɗa masa a gefe. Na yafe wa mutanen layinmu, sun ɗauki gawarsa a kafaɗunsu, sun tsaya wa marayunsa. Yafewa dai na yi, mantuwa ba ta zo ba tukuna.

Ranar sadakar uku mata suka yi girki a tsakar gidanmu, aka kwashe duk kwanukan gidan aka zuba, har da farin samiran nan. A zaurenmu aka zauna, ba wanda ya ce ya yi zafi. Ina ɗaki cikin mayafin takaba Sani ya shigo ya miƙo mini shi, ya ce Baba Tanko ne ya fara jawo shi. Na karɓa na ji ba nauyi. An cinye tas, har an suɗe gefe. Na miƙe da shi a hannu na juya wajen gadon in nuna masa, sai na ga an riga an naɗe katifar.